Suicide Squad na 2016: Fim ɗin da aka sake yankawa don ya yi kama da tallansa

Ranar 5 ga Agusta 2016 kamfanin Warner Bros. ya saki fim ɗin Suicide Squad a gidajen sinima na Amurka. A kwana ukun farko ya tara sama da dala miliyan 133 a Amurka kaɗai, kuma kafin shi babu wani fim da aka saki a watan Agusta da ya taɓa yin haka. Da aka gama lissafi, abin da ya shigo daga duniya baki ɗaya ya kusa dala miliyan 750, alhali kuɗin yin sa kimanin miliyan 175 ne, ga shi ba a ma haska shi a ƙasar Sin ba, wadda ita ce kasuwa ta biyu mafi girma a lokacin. Bayan wata shida ya ci kyautar Oscar a fannin kwalliya da gyaran gashi. Duk wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce an ci riba an wuce wajen.

Sai dai a shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara ra'ayin masu sharhin fina-finai, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ya yaba masa. A mako na biyu cinikinsa a Amurka ya faɗi da kashi 67 cikin ɗari. Bayan shekara biyar kuma, David Ayer, wanda ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, ya fito fili ya ce abin da mutane suka biya kuɗi suka kalla ba fim ɗinsa ba ne. Abin da ya dame ni a wannan lamari ba kuɗin ba ne. Labari ne mai nauyi aka ba mutanen nan, labarin gwamnatin da ke amfani da fursunoni kamar kayan da za a yar in an gama da su, amma tsoro da gaggawa suka sa aka mai da shi wasan launuka da kiɗa.

Asalin labarin

Sunan ƙungiyar ya fara bayyana ne a littattafan labarin zane na kamfanin DC tun 1959, amma wancan na farko sojoji ne da masana kimiyya masu yaƙi da dodanni. Wanda ya ba labarin siffar da aka san shi da ita yau shi ne marubuci John Ostrander, a 1987. Tsarinsa mai sauƙi ne kuma mai ɗaci. Akwai wani kurkuku mai suna Belle Reve a jihar Louisiana inda ake tsare miyagun da jarumai irin su Batman da Flash suka kama. Akwai wata jami'ar gwamnati, Amanda Waller, wadda ke zuwa ta yi musu tayi: ku je ku yi mana aikin da gwamnati ba za ta iya cewa ita ta yi ba, mu kuma mu rage muku zaman kaso. In sun mutu, babu mai neman ba'asi. In an kama su, gwamnati za ta ce ai tun asali 'yan ta'adda ne, ba ta san da su ba. Don kada su gudu, ana ɗaura musu abin fashewa a hannu.

Lokacin da aka fara buga labarin ya zo daidai da badaƙalar Iran-Contra, wadda ta fallasa a ƙarshen 1986, inda aka gano cewa jami'an gwamnatin Ronald Reagan sun sayar wa Iran makamai a ɓoye, suka karkatar da kuɗin ga 'yan tawayen Nikaragua. Mai karatu a Amurka a wancan lokaci bai buƙatar a gaya masa cewa irin aikin Waller na iya faruwa, yana gani a labaran dare. Littafin ya yi fitowa 66 daga 1987 zuwa 1992, kuma daga baya matar Ostrander, Kim Yale, ta shigo suna rubutawa tare.

Abu biyu ne suka ba wannan labari ƙarfi. Na farko, da yake Ostrander ƙananan miyagu ya ɗauko waɗanda babu wanda ya damu da su a kamfanin, yana da 'yancin kashe su, kuma yana kashewa. Mai karatu bai san wa zai dawo gida ba. Na biyu, Waller. Baƙar mace ce mai ƙiba, mai matsakaicin shekaru, ba ta tashi sama, ba ta ɗaga mota, amma ta fi kowa ban tsoro, domin ita tana da sa hannun hukuma. Tambayar da labarin ke yi kullum ita ce, tsakanin ɓarawon da ke ɗaure da jami'ar da ke riƙe da makunnin bam ɗinsa, wa ya fi hatsari? Wannan tambaya ita ce jarin da Warner Bros. ya gada.

An sa rana kafin a rubuta labari

A watan Oktoba 2014 shugaban Warner Bros., Kevin Tsujihara, ya tsaya gaban masu zuba jari ya jero fina-finai goma na jaruman DC da za a yi har zuwa 2020. Dalilin a bayyane yake. Kamfanin Marvel ya riga ya yi nisa, The Avengers na 2012 ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi, kuma a watan Agustan 2014 ɗin Guardians of the Galaxy ya nuna cewa ko taron 'yan iskan da ba wanda ya san sunansu na iya kawo kuɗi. DC kuwa fim ɗaya tak yake da shi a sabon jerinsa, wato Man of Steel na 2013. A cikin wannan jeri aka sa Suicide Squad a 2016.

Zaɓen David Ayer ba wauta ba ce. Shi ya rubuta Training Day, fim ɗin da Denzel Washington ya ci Oscar da shi a matsayin gurɓataccen ɗan sanda. Shi ya yi End of Watch a 2012 da Fury a 2014. Ya yi ƙuruciyarsa a unguwannin kudancin Los Angeles, ya yi aikin sojan ruwa, kuma yawancin fina-finansa a kan maza ne da ke aikin ƙazanta cikin kaki. In ana neman wanda zai fahimci fursuna da mai gadinsa, ya cancanta. Amma bai taɓa riƙe fim mai girman wannan ba, kuma bisa rahoton da 'yar jarida Kim Masters ta buga a mujallar The Hollywood Reporter a makon da fim ɗin ya fito, kimanin mako shida aka ba shi ya rubuta labarin.

Mako shida, ga labarin da ke buƙatar a gabatar da mutum kusan goma waɗanda yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunansu ba. Ranar fitowa kuwa ba ta ɗaguwa, domin an riga an ƙulla yarjejeniya da masu tallace-tallace da masu sayar da kayan wasa, an kama gurbi a gidajen sinima. Lamarin ya yi kama da tela da ya karɓi ɗinkin Sallah ana saura kwana uku: Sallah ba za ta jira shi ba, don haka rigar za ta fito, sai dai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A watan Disamba 2014 aka sanar da 'yan wasa, Will Smith da Margot Robbie da Jared Leto da sauransu. Tom Hardy, wanda aka ba matsayin Kanar Rick Flag, sojan da ke jagorantar ƙungiyar, ya janye saboda aikin The Revenant ya riƙe shi, Joel Kinnaman ya maye gurbinsa. A watan Afrilu 2015 aka fara ɗaukar fim a Toronto ta Kanada.

Tirela biyu, fim biyu

A nan ne lamarin ya ɗauki hanyar da ba a saba gani ba, kuma a nan ya kamata a daɗe.

A watan Yuli 2015 aka nuna tirelar farko, wato gajeren tallan fim ɗin, ga mahalarta Comic-Con, taron masoya littattafan labarin zane da fina-finai, a San Diego. Wani ya ɗauka da waya ya watsa a intanet, dole kamfanin ya saki ta asali. Wannan tirela mai duhu ce. Kiɗanta a hankali yake tafiya kamar na makoki, ana nuna kurkuku, ana nuna Harley Quinn, budurwar Joker, tana lilo a keji, a ƙarshe Joker ɗin, babban abokin gabar Batman, ya bayyana yana shirin azabtar da wani. Wanda ya kalle ta ya san fim ɗin David Ayer ake tallatawa.

A watan Janairu 2016 aka saki ta biyu, aka ɗora ta a kan waƙar Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar Queen. Hotunan daga fim ɗaya aka ciro su, amma an yanka su daidai da bugun kiɗa, harbin bindiga na faɗowa a kan ganga, an zaƙulo duk wata maganar ban dariya an jera. Mutane suka haukace a kanta. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ba na musun wannan. Matsalar ita ce ta yi wa jama'a alkawarin fim mai raha da annashuwa, alhali abin da ke ɗakin tacewa wani abu ne dabam.

Sai abubuwa biyu suka faru a jere. A watan Fabrairu kamfanin Fox ya saki Deadpool, fim mai ashar da barkwanci wanda aka yi da kuɗin da bai kai dala miliyan 60 ba, ya tara sama da miliyan 780. A watan Maris kuma Warner Bros. ya saki Batman v Superman, babban fim ɗin da aka ɗora dukkan fata a kansa. Masu sharhi suka yi masa ca, suna cewa ya cika duhu da ɗaure fuska, kuma a mako na biyu cinikinsa ya faɗi da kashi 69 cikin ɗari. Ya tara kimanin miliyan 870, kuɗi ne mai yawa, amma fim ɗin da ya haɗa Batman da Superman a karon farko ana sa ran ya haura biliyan. Hankalin shugabannin kamfanin ya tashi. Darasin da suka ɗauka shi ne mutane ba sa son duhu, suna son dariya, ga shi kuma fim na gaba a layi, saura wata huɗu da 'yan kwanaki, mai duhu ne.

Abin da rahoton The Hollywood Reporter ya bayyana shi ne, yayin da Ayer ke ci gaba da tace nasa, kamfanin ya sa aka haɗa wani daban, da taimakon Trailer Park, kamfanin da ke yin tirela wanda ya yi aiki a kan tallan fim ɗin. Aka nuna wa 'yan kallon gwaji duka biyun, na Ayer mai nauyi da na kamfani mai sauƙi da launuka da waƙoƙi. Daga nan aka nemi tsaka-tsaki, aka kashe ƙarin miliyoyi wajen sake ɗaukar wasu fitowa, editoci da dama suka sa hannu, ko da yake sunan John Gilroy ne ya fito a allo.

A yi tunanin abin da wannan ke nufi. A ƙa'ida fim ake yi, sannan a yanko talla daga cikinsa. A nan tallan ne ya zama ma'auni, aka koma ana sassaƙa fim ɗin don ya dace da shi. Kuma sana'ar mai yin tirela dabam take da ta mai tace fim. Shi mai tirela minti biyu da rabi gare shi, burinsa ya hana ka ƙifta ido, duk daƙiƙa goma sai ya ba ka wani sabon abu. Mai tace fim na awa biyu kuwa dole ya san inda zai yi shiru, inda zai bar fuska ta daɗe a allo har mai kallo ya fara jin tausayi ko tsoro. In aka yi awa biyu da dabarar minti biyu, gajiya ce ke biyo baya.

Abin da ya fito a allo

Rabin awa na farko shi ne shaidar komai. Waller, wadda Viola Davis ta fito a matsayinta, tana zaune a gidan abinci da manyan jami'ai tana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Kowane mugu sai an rubuta sunansa da laifuffukansa a allo da haruffa masu walƙiya, a saka masa tsohuwar waƙar da kowa ya sani, kafin ta yi nisa a katse a saka wata. Deadshot, wato Will Smith, an gabatar da shi a ɗakin kurkuku, an sake gabatar da shi a fayil, an kuma sake gabatar da shi a filin harbi. Shi kuwa Slipknot ko fayil ba a buɗe masa ba, an sauko da shi daga mota ne kawai aka ce ga mai iya hawa komai. Duk mai kallo ya gane nan take cewa shi aka kawo don a kashe. Haka kuwa aka yi: Captain Boomerang ya zuga shi cewa bam ɗin da aka dasa musu a wuya ƙarya ne, ya yi yunƙurin gudu, kansa ya tarwatse. Wannan zugi daga littafin Ostrander aka ɗauko shi, inda Slipknot ya rasa hannu, amma a can mai karatu bai hango abin tun daga nesa ba. Katana kuwa jirgi mai saukar ungulu ta faɗo ana shirin tashi, Flag ya bayyana tarihinta da takobinta a numfashi ɗaya, aka wuce.

Waɗannan duk ana iya ɗora su a kan almakashin edita. Akwai abin da ya fi su zurfi.

Hujjar da Waller ta kawo wa gwamnati ita ce, Superman ya mutu, to in wani mai irin ƙarfinsa ya zo da mugun nufi fa, wa zai tare shi? Tambaya ce mai kyau. Amma dubi waɗanda ta tara: gwanin harbi, mace mai kulkin wasan ƙwallo, ɓarawon banki mai jifa da lanƙwasasshen ƙarfe, da mai hawa igiya. Ban da El Diablo mai fitar da wuta, babu wanda zai yi minti ɗaya a gaban irin Superman. Ƙungiya ce da aka gina don aikin asiri, satar mutum daga wata ƙasa, kashe wani a ɓoye, lalata wata shaida. Sai fim ɗin ya tura su yaƙi da Enchantress, tsohuwar mayya mai shekaru dubbai da ta shiga jikin wata masaniyar kayan tarihi, wadda ta tsaya a tsakiyar birnin Midway tana harba haske sama don ta hallaka duniya. Sojojinta kuwa wasu halittu ne marasa fuska, da aka yi su haka don a sare su ba tare da jini ya hana yara 'yan shekara 13 shiga sinima ba. Wannan aikin jarumai ne. In duniya ce za ta tashi, ina Batman, ina Flash, da duk an nuna su a fim ɗin?

Ga kuma abin da ya fi ba ni takaici. A tsakiyar fim ɗin akwai ainihin labarin da ya kamata a bayar, yana nan kwance ba a taɓa shi ba. Mayyar nan Waller ce ta kawo ta, tana riƙe da zuciyarta a akwati tana juya ta, har ta kuɓuce mata. Babban mutumin da aka tura ƙungiyar ta ceto daga birnin, ba tare da an gaya musu ko wane ne ba, ashe Waller ce da kanta. Kafin ta fito daga maɓoyarta ta ɗaga bindiga ta harbe ma'aikatanta, don sun ga abin da bai kamata su gani ba. Wato bala'in nata ne, ceton nata ne, kisan da ya fi kowanne muni a fim ɗin ma nata ne. Viola Davis ta yi wannan fitowa da sanyin da ke sa tsikar jiki tashi. Da nan fim ɗin ya tsaya ya juya, ya bar fursunonin nan su fuskanci cewa wadda ke kiran su miyagu ta fi su, da an sami fim ɗin da za a daɗe ana magana a kansa. Sai aka yi maza aka sa mayya ta kama ta, ta koma wadda za a sake ceta, a ƙarshe ta fito tana riƙe da makunnin bam kamar ba abin da ya faru.

Su kansu miyagun ba a bar su sun yi mugunta ba. Suna ta faɗa da baki cewa su miyagu ne, amma Deadshot, makashin haya, uba ne mai son 'yarsa, kuma kusan duk abin da aka nuna mana ke nan. Fitowar da ta fi kowacce rai ita ce ta mashaya, inda suka ajiye makamai, El Diablo ya ba da labarin yadda fushinsa ya ƙone matarsa da 'ya'yansa. Jay Hernandez ya yi ta da gaske, kuma a nan ne kaɗai ake jin hannun mutumin da ya rubuta Training Day. Amma jim kaɗan bayan haka El Diablo ya ba da ransa yana kiran waɗannan mutane iyalinsa, mutanen da ya sani a dare ɗaya, waɗanda yawancinsu ba su yi masa magana mai tsawo ba. Ba a gina wannan zumunci a gabanmu ba, an dai sanar da mu cewa akwai shi.

Joker na Jared Leto, wanda aka cika gari da tallansa, mintuna kaɗan ya samu, kuma ana iya cire shi gaba ɗaya labarin bai girgiza ba. Leto da kansa ya ce an zubar da fitowarsa da yawa. Adewale Akinnuoye-Agbaje, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, ya sha zaman sa'o'i ana manna masa fatar kada don ya zama Killer Croc, aikin da ya taimaka wajen kawo Oscar ɗin, amma maganganunsa a fim ɗin ba su taka kara sun karya ba. Wadda ta tsira da mutuncinta, har ta ƙaru, ita ce Margot Robbie. Harley Quinn, wadda Paul Dini da Bruce Timm suka ƙirƙiro a 1992 a zanen talabijin na Batman, ta zama tauraruwa a wannan fim, kuma ita ce babbar ribar da kamfanin ya ci.

Laifin wa?

Ayer ya sauya magana a kan wannan. A 2016 ya tsaya wa fim ɗin, ya ce wanda aka saki nasa ne. A watan Janairu 2017 ya rubuta cewa da zai iya komawa baya, da Joker zai mayar babban bos, ya kuma sa labarin ya fi kusa da ƙasa. Daga 2020, bayan magoya bayan darakta Zack Snyder sun matsa har kamfanin ya amince a saki nasa tacewar ta Justice League, sai Ayer ya fara cewa shi ma an ƙwace masa fim. A watan Yuli 2021 ya fitar da doguwar wasiƙa yana cewa tacewarsa, wadda edita Lee Smith ya yi aiki a kanta, labari ne mai taɓa zuciya, da kiɗan Steven Price daga farko har ƙarshe, babu waƙar rediyo ko ɗaya. Shugabar kamfanin a lokacin, Ann Sarnoff, ta riga ta ce a watan Maris na shekarar ba za a saki wannan tacewa ba.

Na yarda an yi wa Ayer ba daidai ba. Ka ɗauki mutum saboda salonsa, ka ba shi mako shida, sannan ana saura 'yan watanni ka ce salon nasa ne ba ka so, wannan zalunci ne a sana'a. Ban kuma ga laifinsa ba da ya yi shiru a 2016, domin daraktan da ya soki fim ɗinsa a makon fitowa ya rufe wa kansa ƙofa. Amma ban yarda cewa almakashi ne kaɗai ya ɓata fim ɗin ba. Mayyar tana cikin abin da aka ɗauka tun a Toronto, kuma shi da kansa ya amsa cewa zaɓen bos ɗin kuskure ne. Tacewarsa za ta iya fin wadda aka saki tsari da nutsuwa, ina kuma ganin ya cancanci a bar mutane su gani su yi hukunci. Sai dai ɓarakar ta fara ne tun ranar da aka sa wa fim rana babu labari a hannu. Da an ba shi wata shida, da wataƙila shi da kansa ya gano cewa bos ɗinsa na zaune a ofis da fayil a gabanta.

Bashin da aka biya a 2021

A watan Yuli 2018 Disney ya sallami James Gunn, daraktan Guardians of the Galaxy, saboda wasu tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter. Kafin shekarar ta ƙare Warner Bros. ya ɗauke shi, kuma ko da Disney ya mai da shi a watan Maris 2019, ya riga ya karɓi wannan aiki. An ba shi abin da aka hana Ayer: lokaci, 'yancin kashe wanda ya ga dama, da izinin yin fim na manya.

Fim ɗinsa, The Suicide Squad, ya koma ga tsarin Ostrander, har ya ba Ostrander ɗin ƙaramar fitowa a matsayin likitan da ke dasa bam. A mintunan farko aka karkashe yawancin rukunin da aka sauke a bakin teku, sannan aka gane cewa Waller ta tura su ne don su ɗauke hankalin sojoji yayin da wani rukunin ke shiga ta baya. Aikin kuwa a wani ƙirƙirarren tsibiri ne mai suna Corto Maltese, kuma ainihin manufarsa ita ce a lalata shaidar cewa Amurka na da hannu a gwaje-gwajen da aka shafe shekaru ana yi a kan mutanen ƙasar. Da Kanar Flag ya ce zai fallasa, Peacemaker, wato John Cena, ya kashe shi da sunan zaman lafiya. Da 'yan ƙungiyar suka ƙi bin umarni suka juya don ceton birnin, Waller ta kai hannu za ta tarwatsa su, ma'aikatanta ne suka buge ta suka hana. Akwai ƙaton dodo a ƙarshe, akwai barkwanci fiye da na 2016 nesa ba kusa ba, wanda ke nuna cewa tun farko ba dariya ko rashinta ce matsalar ba. Bambancin shi ne wannan karon fim ɗin ya san wace ce Waller, kuma bai ji tsoron faɗa ba.

Masu sharhi kusan tara cikin goma suka yaba masa. A kasuwa kuwa ya sha ƙasa: an kashe kimanin dala miliyan 185, ya dawo da ƙasa da miliyan 170. Dalilan suna da yawa kuma bai kamata a ɗora su a kan abu ɗaya ba. An sake shi a watan Agusta 2021 ana tsakiyar sabon nau'in korona na Delta, an saka shi a manhajar HBO Max a rana ɗaya da sinima, an hana yara shiga sai da babba, kuma babu Will Smith babu Joker. Amma ina da yaƙinin cewa sunan ma ya yi masa nauyi. Miliyoyin da suka cika sinima a 2016 saboda tirelar Janairu sun fito da ɗacin baki, kuma da aka sake kiran su da kusan sunan nan ɗaya bayan shekara biyar, da yawa ba su amsa ba.

Kamfanin dai bai yi wa Gunn hukunci da alƙaluman sinima ba. Shirin Peacemaker mai dogon zango, wanda aka ba shi tun kafin fim ɗin ya fito, ya fara a watan Janairu 2022, sannan a watan Oktoba na shekarar kamfanin ya naɗa shi tare da furodusa Peter Safran su jagoranci sashen DC Studios baki ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da Gunn ya yi ta nanatawa tun da ya hau kujerar ita ce, ba za a fara ɗaukar kowane fim ba sai an gama rubuta labarinsa.